Yadda ango da amarya za su ƙera zobensu a wajen maƙerin fari a Zariya

Ku zaɓi azurfa, tunda zinariya ba ta halatta ga namiji ba.

Da yamma za ku auna yatsa da zare, lokacin ya ɗan kumbura. In kaurin azurfar milimita 1.5 ne, ku ƙara milimita 5 a kan awon, in ba haka ba zoben zai matse.

Ku yanke azurfar daidai wannan tsawon, ku gasa ta har ta yi ja-ja, a tsoma a ruwa, sannan a lanƙwasa. Bakin nan biyu su haɗu tsaf, ko haske kada ya ratsa, domin sinadarin liƙi ba ya cike giɓi. Wajen liƙin a bar maƙeri ya riƙe wutar, kada zafi ya yi yawa zoben ya narke.

A jiƙa a ruwan lemun tsami mai ɗumi, a bi da magagari, a goge.