Yadda za ka fara koya wa yara haɗa kayan lantarki da ɗan kuɗi kaɗan

Ana ta tambayata wai dole sai da kwamfuta da Arduino (ɗan allon lantarki da ake ba umarni ta kwamfuta) ake farawa? Wallahi a'a. Ni a barandar gidanmu nake yi a Agege, ranar Asabar bayan La'asar, yara takwas, kuma kayan da muka fara da su ko leda ɗaya ba su cika ba.

Ka shiga Alaba International ko Computer Village a Ikeja ka sayo 'yan ƙananan ƙwayayen fitila masu ƙafa biyu da ake kira LED, fakiti guda, don in ka ce ɗai-ɗai za ka saya tsuga maka kuɗi za su yi, sai batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, volt 3 ne, da salatif da kwali. Ranar farko ban da dogon bayani, kowa ka miƙa masa ƙwai ɗaya da batir ɗaya. Doguwar ƙafar ƙwan ce ke taɓa gefen batirin da ke da alamar +, gajeruwar ta taɓa ɗaya gefen. Rabinsu za su sa a juye ya ƙi kamawa, to ka danne zuciyarka kar ka gyara musu. Wata 'yar shekara bakwai ta yi ta juya nata har ya kawo ja, ta ƙwalla ihu "Kawu, ya kawo!" sai ka ce NEPA ce ta dawo.

Sati na biyu a yi makunni da foil (takardar alminiyam ta naɗe abinci) da kwali. Na uku fanka, kuma nan ne suke haukacewa, ga zafin Legas. 'Yar na'urar da ke juya fankar, wato motor, a wajen 'yan bola jari nake samo ta, daga matattun DVD da motocin wasa, a haɗa da batir AA biyu, a yanko fuka-fukai daga robar ruwa.

In za ka sa batir mai volt 9 sai da resista, ɗan abin da ke rage wa ƙwan ƙarfin wuta, kamar mai ohm 470, ni na ƙone ƙwai biyar kafin na yi hankali. Wutar soket kuwa volt 230 ce, ko kusa kada yaro ya je, haka kumburarren batirin waya. Batiran kwabon nan ƙirga su kafin a fara, ka sake ƙirgawa in an tashi, ƙaramin yaro in ya haɗiye yana ƙona maƙogwaro, asibiti ne nan take. Shi ya sa mai ƙani a gida fankar kawai nake bari ya tafi da ita.