Darasi na Shida: Zaɓen Injin Juya Itace Don Sassaƙa Biro

Biron katako ƙaramin abu ne, don haka ba ya buƙatar babban inji. Injin kan tebur mai ƙarfin wat 250 zuwa 370 ya wadatar. Abin dubawa shi ne saitinsa, domin inji marar saiti ba zai taɓa ba ka biro mai kyan zagaye ba, komai iya hannunka.

Ga yadda za ka gwada kafin ka biya kuɗi. Injin yana da kai, inda mota ke juyawa, da kuma matokari a ɗaya gefen, wanda ake turowa ya tokare aiki. Ka sa tsini a kowanne, ka turo matokarin a hankali har tsinin biyu su kusa taɓa juna. Dole su haɗu baki da baki. Idan ɗaya ya ɗara sama ko ya kauce gefe, ko da kaurin farce ne, ka haƙura da injin. Sannan ka kama sandar kan ka girgiza. In ta yi motsi, boris ya ci. Ka fi son inji mai nauyin jiki, marar nauyi rawa yake yi a kan tebur.

Ka tambayi girman ramin kan. Akwai MT1 da MT2, wato lambobin girman ramin da ake cusa tsini a ciki. Ɗauki MT2, kayansa sun fi samuwa. Ka duba kuma allon da ke jikin motar. Wutarmu volt 230 ce, yawancin injinan da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa 110 zuwa 120 suke ci. Wanda ya jona irinsu kai tsaye ba taransifoma, motar ta ƙone nan take. In da janareta za ka yi aiki, ya kasance ƙarfinsa ya ninka na motar sau biyu ko uku, saboda lokacin tashi ta fi jan wuta.

Kada ka ƙarar da kuɗinka a kan inji kaɗai. Sai ka sayi tsinken ƙarfe da ake tsire itacen a kansa, kamar yadda mai tsire ke jera nama, da zobban da ke nuna iyakar kaurin biro, da bakin huda mai milimita 7, da bututun tagulla biyu-biyu da ke zuwa tare da kayan siririn biro, waɗanda ake mannawa cikin hudar itacen. Sai gam mai ƙarfi, sanfefa daga lamba 150 zuwa 600, da gilashin kare fuska. Cizal biyu sun isa mai koyo: mai kwarmi na rage itace, da mai karkataccen baki na gyara fuska. Dutsen washi ma dole ne.

A wajen tsinken nan aka fi yin ɓarna. Siriri ne, bai kai milimita 7 ba. Mai koyo yakan ɗaure notin tsinken da ƙarfi, ya kuma matse matokari, yana ganin hakan ne zai riƙe aiki. Sai tsinken ya lanƙwashe kaɗan, ido ba ya gani, amma biron ya fito gefe ɗaya da kauri, ɗaya gefen har tagulla ta leƙo. Ka matsa daidai yadda itacen ba zai zame ba, ka tsaya nan. Idan kana shakka, cire tsinken ka mirgina shi a kan gilashi. Lanƙwasasshe tsalle yake yi.

Wajen sassaƙa a bar injin ya yi juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti. Wajen goge sanfefa a rage ƙasa da 1,000, don zafi yana tsaga itace. Saboda haka ka tabbata injin yana da hanyar sauya gudu, ko da ta matsar da bel ce.

Itace kuwa, guntayen da kafintocin Katsina ke zubarwa sun isa: faɗi da kauri santimita 2, tsawo 13. Fara da maɗaci, yana bin cizal. Ƙirya tana da kyau ƙwarai, amma taurinta na dakushe baki da wuri, a bar ta sai hannu ya faɗa. Ɗanyen itace kada ka kusance shi. Da hunturu ya busa zai tsuke a kan bututun ya dare gida biyu.