AM, PM da sauran tarkon agogon Turanci da ke cin kuɗin mutanenmu a Jidda

Na gaji wallahi. Duk yaron da ya zo in ɗan goge masa Turanci saboda ya samu aikin tuƙi ko aikin otal, kuskuren da na wancan ya yi shi ne dai shi ma zai maimaita, kamar haɗa baki suke yi. Mu da muka tashi tsakanin Hausa a gida da Larabci a titi, lokaci a wurinmu da salla yake tafiya, bayan la'asar, kafin magariba, in an idar da isha'i, kuma ba mu taɓa ɓata ba. Amma ranar da mudir ɗinka, wato manaja, ya zama ɗan Indiya, ko nas ɗin da za ta rubuta maka ranar ganin likita 'yar Filifin ce, toh ranar za ka san agogon Turanci duniya ne daban.

Bari in fara da wanda ya fi ƙona ni, 12 AM. Goggona ce ta zo umara daga Kano, ta sauka wajen 'yan uwa a Shara Mansur a Makka, aka ce ni ne mai Turanci a dangi don haka ni zan duba tikiti in kai ta filin jirgin Jidda. Na duba, Talata, 12:40 AM. Ni kuwa abin da na haddace tun ina yaro shi ne AM safe, PM yamma, sai na ce sha biyun da ke manne da safiya ai ta rana ce, wa ke kiran tsakar dare safiya? Na ce Goggo ki yi barcinki, da safe ma kama hanya. Muka iso wajen ƙarfe tara na safiyar Talata da jarkar zamzam da dabino da tsarabar jikoki niƙi-niƙi, mutumin kanta ya kalli takardar ya kalle ni, ya ce jirginku ai ya tashi tun sama da awa takwas da suka wuce. Goggo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi, cewa kawai ta yi "ɗan nan, ashe bokon naka bai kai nan ba", ta samu kujera ta zauna tana jan carbi. Sabon tikiti daga aljihuna ya fito, kusan albashin wata ya tafi, har yau in aka yi taron dangi sai wani ya tambaye ni ƙarfe nawa yana dariya.

Ku saurara da kyau. AM ba safe take nufi ba, kalmomin Latin ne aka taƙaita, ma'anarsu kafin rana ta raba tsaka, PM kuma bayan ta raba. Kwanan Bature daga sha biyun dare yake farawa, don haka 12:00 AM sha biyun dare ce, 12:00 PM sha biyun rana, kusa da azahar. In ka ga Talata 12:40 AM, ranar Litinin bayan isha'i za ka ɗauki jaka. Ni tun daga ranar na daina yarda da sha biyu kowace iri ce, sai na tambayi mutum midnight ko noon, ya faɗa da bakinsa. In tikiti ne kuwa ina neman wurin da aka rubuta da lissafin awa 24, a nan 00:40 ba ta da fuska biyu. Lissafin ma ba wuya, duk abin da ya haura 12 ka cire masa 12, 18:15 shida da kwata na yamma ke nan. Wayata ma a kan awa 24 na bar ta, yarana suna cewa wayar Baba ta sojoji ce, su ta shafa.

Akwai ɗan uwan wannan da mutane ba sa lura da shi sam. Mu in muka ce daren Juma'a, daren da za a wayi gari Juma'a muke nufi, wato Alhamis da daddare, domin a lissafinmu na Musulunci dare ke gaba da yini. Bature in ya ce Friday night, daren da ya biyo bayan yinin Juma'a yake nufi, wanda mu za mu kira daren Asabar. Kwana guda cur a tsakani. Wani ƙanena ya je ya yi tsayuwar awa biyu a ƙofar otal yana jiran baƙin da sai gobe za su sauka, ya dawo yana zagin mutane wai ba su da alƙawari. Kai ne ka fassara kai tsaye malam, su ba ruwansu.

Sai na biyu da ke ba ni haushi, to da past. Hausa awa take fara faɗa, shida saura minti goma, Larabci ma haka, sitta illa ashara. Turanci kuwa minti yake sa wa a gaba, ten to six. Kunnen Bahaushe da ya ji ten sai ya cafke, shi ke nan ƙarfe goma, bai ma tsaya jin ƙarshen maganar ba. Haba samari! Lambar ƙarshe ita ce awa, to saura ke nan, past kuma da. Ten to six 5:50, ten past six 6:10, quarter to nine tara saura kwata, kuma kwatar nan da kuke faɗa kullum ai daga quarter muka aro ta, to me ya zama baƙo a ciki? Ga abin da nake yi, kuma na san malaman makaranta ba za su so shi ba: ni da bakina ba na faɗin to ko past ko kaɗan. Yadda lamba take a fuskar waya haka nake karanto ta, five fifty, six ten, in kuma 5:05 ce sai in ce five oh five. Turawan ma da yawansu haka suke faɗa. Ka koyi to da past don ka gane in an faɗa maka, ka maimaita wa mutum da lambobi ya ce eh, sannan ka tada mota. Jirgin ƙasan Haramain da ke bi ta Jidda tsakanin Makka da Madina ba ya jiran wanda ya ji ten ya tsaya a nan.

Mahajjatan Ingila kuma, 'yan Landan da Mancesta, suna da wani salo nasu, half seven. Bakwai da rabi suke nufi, sun haɗiye past ne kawai. Na ga direban da ya ɗauka saura rabin awa bakwai ta cika, ya zo 6:30 yana ta danna ham a ƙofar otal.

Fifteen da fifty, thirteen da thirty, nan ma ana zubar da mutunci. A littafi za a ce maka ka ja ƙarshen fifteen ka kuma danna farkon fifty, gaskiya ne, amma je ka gwada jin wannan bambancin ta waya, da ɗan Bangaladash a ɗaya gefen, ga ƙarar titi. Ni ba na wahalar da kaina, one five or five zero, magana ta ƙare. Wani ya taɓa ce min wannan ai nuna ƙauyanci ne, na ce to ɗan birni, minti talatin da biyar ne tsakanin 8:15 da 8:50, in kafil, wato ubangidanka na aiki, ya yanke maka a albashi ka je ka nuna masa wayewar.

O'clock kuma sai awa ta cika cif, ba a cewa seven thirty o'clock, ba a kuma haɗa ta da PM a jimla ɗaya. Masu tunani da Larabci su daina neman sulusi, illa tult, wato saura sulusin awa, ba shi da takwara a Turanci, twenty to ne kawai. Ƙarfe nawa shi ne what time is it, ba how much is the clock ba, kam as-sa'a ta Larabci ce ke bin ku har nan. Two hours awa biyu, two o'clock ƙarfe biyu, kuma ba a furta h ɗin hour, shi ya sa ma muke cewa awa. Gaban lokaci at ake sa wa, at seven. Kuma don Allah kada baƙo ya shigo motarka ƙarfe goma na dare ka tare shi da good night, sallamarsa ka yi ke nan, good evening ake cewa.

Saura na masu kiran gida. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, tana gaban Sudan da awa ɗaya, Ingila kuwa awa uku ne a lokacin sanyinsu, awa biyu in sun tura agogonsu gaba a ƙarshen Maris, mu nan ba ma taɓa namu. Lokacin sauka da ke kan tikiti na garin da za a sauka ne, kar ka sake cire masa awa biyu don nuna iyawa, sai ka sa mutanen Kano su je su yi ta shanya a filin jirgi. In za ka tura wa wani lokaci ka ƙara masa Saudi time ko Nigeria time a ƙarshe.

Goggo dai ta sake zuwa bayan shekara biyu. Da na miƙa hannu zan karɓi tikitin sai ta janye, ta ba wa 'yata mai aji shida ta ce ke Hajiya ƙarama karanto min, babanki ya huta.