Darasi Na 9: Jinyar Mai Ciwon Daji A Gida

Toh 'yan uwa, darasin yau naki ne ke da aka sallamo miki Inna ko maigida daga asibiti aka ce ciwon dajin ya yi nisa, sai dai a koma gida a ci gaba da lallaɓawa. Yawanci ledar magani kawai ake miƙo wa mutum, ba mai zaunar da ke ya nuna miki yadda za ki yi, kuma wallahi wannan abin yana damuna.

Da farko ki sani ciwon daji ba a ɗaukarsa. Ki zauna kusa da ita, ki riƙe mata hannu.

Sai maganin zafin ciwo, nan ne aka fi kuskure. In likita ya rubuta mofin na ruwa, galibi duk bayan awa 4 ake ba da shi, kar ki ce sai ta fara nishi tana juyi sannan ki ba ta, a kan lokaci ake bayarwa don a riga ciwon. Kar ki ƙara ko ki rage da kanki, in bai riƙe ta ba ki kira nas ko likitan. Yana sa bayan gida ya yi tauri, don haka tun a asibiti ki ce a haɗa miki da mai sassauta ciki.

Wadda ba ta iya tashi ki riƙa juya ta duk awa 2, ki sa filo tsakanin gwiwoyinta, ki duba ƙugu da dunduniya, in kin ga fatar ta canja launi to gyambo ne ke shirin fitowa. Zanin gado kar ya kwana a jiƙe.

Abinci kuwa ban da ɗura. Cokali uku na koko ma ya yi, in ta ƙi ki jiƙa mata leɓe da auduga.

Ke ma fa mutum ce. Masu zuwa dubiya da ke cewa "me za a taimaka da shi?" kar ki ce ba komai don kunya, ki ce Yaya ki kwana da ita ran Talata in samu in runtsa, wane ya karɓo magani.

Aikin gida: ki samo littafi ki rubuta lokutan ba da mofin ɗin, wato ƙarfe 6, 10, 2, 6, 10, 2 a jere, duk sanda kika ba da magani ki yi maki a gaban lokacin. Ran komawa asibiti ki tafi da shi.