Darasi na 7: Yaro da Tsallaka Titi

"Maza je ka sayo min magi a shagon tsallake, kar ka daɗe." Wace uwa ce ba ta taɓa faɗin haka ba? To wannan "kar ka daɗe" ɗin ita ce matsalar, don yaro na jin haka sai ya zuba a guje, kuɗi dunƙule a hannu, idonsa na kan shago ba kan titi ba.

Yaron da bai kai shekara 10 ba bai iya auna gudun mota ba, in ya hango ta can nesa gani yake ai zai riga ta. Alhali motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kafin direba ya kai ƙafa kan burki ta iso. Ga shi kuma gajere, in ya ɓullo ta bayan adaidaita sahun da ta tsaya sauke fasinja babu mai ganinsa sai dai a ji ƙiiii.

Tun 1972 ake tuƙi a hannun dama a Najeriya, Nijar ma haka ne, kenan motar da za ta fara cim maka daga hagu take zuwa. A koya wa yaro ya tsaya cak a bakin kwalta, ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu, sannan ya wuce da tafiya ba gudu ba. Kar a raina duban daman nan, 'yan acaɓa masu bin wanwe ba ruwansu da hannu.

In kuna tare, wuyan hannunsa za ki kama ba 'yan yatsu ba, yatsu zamewa suke in ya fizge. Mu maza kuma wallahi mu ji kunya, ga gadar masu ƙafa amma sai uba ya ɗaga riga ya haura shingen tsakiyar titi, ɗansa na kallo.

'Yan Islamiyyar dare a sa musu kaya masu haske, babba ya rako su. In tsautsayi ya faɗa a Najeriya a kira 122, lambar 'yan rodi sefti ce, kyauta.

Aikin gida: ka bi ɗanka daga ƙofar gida har makaranta, ka ƙirga sau nawa yake tsallaka titi, ka rubuto mana da lamba da kuma harufa.