Idan ajali ya riski ɗan Katsina a ƙasar Turawa

A Katsina, wanda ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Maƙwabci ya yanko alawayyo a kasuwa, wani ya ɗauko makara a masallaci, matasa sun riga sun wuce Ɗan Marna da diga da shebur. Ba a tambayi iyalin mamaci takarda ba, ba a yi musu cinikin fili ba. Duk wanda ya tashi cikin wannan gata, ba ya kawo wa ransa cewa binnewa abu ne da ake tanadarwa. To, ɗan'uwa, idan karatu ko aiki ko aure ya kai ka Ingila, Amurka ko Jamus, sai ka tanada tun da ranka da lafiyarka, domin a can hanya mafi sauƙi da araha ita ce wuta.

A Birtaniya, kusan gawa takwas cikin goma ƙonewa ake yi. A Amurka abin ya haura kashi 60 cikin 100, a Japan kuwa ya wuce kashi 99. Ana saka gawa da akwatinta cikin tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 1,000, ta yi kamar awa ɗaya da rabi. Abin da ya rage ƙasusuwa ne, sai a zuba su a injin niƙa, a miƙa wa iyali gari mai nauyin kilo 2 zuwa 3, shi ne suke ce wa toka. Ga Musulmi wannan ba abin shawara ba ne. Binnewa farilla ce a kan al'umma, kuma hadisi ya zo cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

Abin da ke tura mutane ga ƙonewa kuɗi ne. A 'yan shekarun nan, ƙonewa kai tsaye ba tare da taro ba tana kamawa wajen fam 1,500 a Birtaniya, jana'izar binnewa kuwa ta ɗan haura fam 5,000, a Landan ta fi haka nesa. A Amurka, tsaka-tsakin farashin jana'izar binnewa a 2023 dala 8,300 ne, kuma ba a sa kuɗin fili a ciki ba. Idan babu wanda ya fito ya ce gawar tasa ce, ƙaramar hukumar wurin ce ke ɗaukar nauyi, kuma galibi ƙonewa take yi. Sai dai dokar lafiyar jama'a ta Ingila ta 1984, sashe na 46, ta hana ta ƙone wanda take da dalilin ganin cewa ba ya so. Wannan dalilin kai za ka bar mata shi a rubuce.

Rubuta wasiyya gajeriya da harshen ƙasar: kai Musulmi ne, a yi maka wanka da sutura da salla, a binne ka, kada a ƙone ka, kada a yi maka allurar hana ruɓewa sai in doka ta tilasta. Ajiye kwafi tare da fasfo, ba limamin masallacinku ɗaya, ka tura hotonta gida. Ka sa a rubuta addininka a fayil ɗinka na asibiti. Sannan ka lura da wani tarko: a Ingila, abin da mutum ya rubuta game da jana'izarsa ba ya ɗaure kowa a shari'a. Mai iko da gawa shi ne wanda ka naɗa ya zartar da wasiyyarka, in babu shi sai mafi kusancin dangi. Wanda ya auri wadda ba Musulma ba, ko ya rubuta sunan abokin zaman gida a matsayin makusanci don kawai ya cike fom, shi ne ya fi kowa shiga haɗari. Naɗa Musulmin da ka yarda da shi, wanda ke zaune a ƙasar. A jihohin Amurka da dama akwai takarda ta musamman ta naɗa wakilin da zai yanke hukunci kan gawa.

Za ka ji ana tallar hanyoyin da aka ce sun fi ƙonewa kare muhalli. Kada sunan ya ruɗe ka, don ba duka ne suka dace da mu ba. Akwai wadda suke kira ƙonewa da ruwa: a rufe gawa cikin tukunyar ƙarfe da ruwa da sinadarin kanwa mai ƙarfi, a dafa a wajen digiri 150 na awa uku zuwa huɗu har tsoka ta narke, a zubar da ruwan, a niƙa ƙashin. Ita Desmond Tutu na Afirka ta Kudu ya zaɓa da ya rasu a ƙarshen 2021. Akwai kuma mayar da gawa taki, wanda jihar Washinton ta fara halattawa a 2019: a lulluɓe gawa da ɓarɓashin itace da ciyawa cikin wani babban mazubi na kimanin wata guda, a farfasa ƙasusuwan da suka rage, a ba iyali ƙasar shuka. Kuɗinsa ya kai dala dubbai. Dukansu biyu ba binnewa ba ne, kuma dukansu akwai karya ƙashi.

Ta ukun ita ce tamu, sunan kawai suka sake. Suna ce mata binnewar gandun daji: babu allura, babu kankare, babu akwati mai fenti da ƙarfe, sai mayafin auduga ko akwatin da ƙasa za ta ci. An buɗe irin wannan maƙabarta ta farko a Ingila a garin Kalayil a 1993, yanzu sun haura 200. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kabari a Daura, ya ga an jera itace ko fasassun tukwane a kan ƙaramin rami, an toshe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa sannan aka tura busasshiya, ya san ba sabon abu suka zo da shi ba. Dokar Birtaniya ba ta wajabta akwati ba, likkafani ya wadatar, sai dai kowace maƙabarta da nata ƙa'idojin. Maƙabartar Musulmi ta Gardens of Peace da ke gabashin Landan, wadda aka buɗe a 2002, da likkafani take binnewa.

In garinku ba shi da sashen Musulmi a maƙabarta har ta kai ku ga irin wannan gandu, tambayar farko ita ce alƙibla. A gida ana haƙa kabari kudu da arewa, kai a kudu, fuska gabas. A Ingila alƙibla kudu maso gabas take, don haka kai zai kasance a kudu maso yamma. A yawancin Amurka arewa maso gabas take, kai ya koma kudu maso gabas. Masu haƙa da mota suke aiki, suna bin layin da suka saba, in ba a je da na'urar nuna alƙibla an tsaya a kansu ba, sai an zo da gawa a ga ramin a karkace. Ku tambaya ko ramin na mutum ɗaya ne, domin wasu maƙabartu suna haƙa mai zurfi don su ɗora na biyu daga baya. Ku tambaya ko za a bar ku ku tura ƙasa da hannunku. Inda ƙasa ke da ruwa, za su iya cewa sai an shimfiɗa katako, wannan ba laifi. A Amurka maƙabartu da yawa suna dagewa sai an sa akwatin kankare don kada ƙasa ta lotsa ta hana motar yankan ciyawa wucewa. Ƙa'idarsu ce, ba dokar ƙasa ba. Ku nemi marar gindi, yadda mamaci zai kwanta a kan ƙasa.

Kabari a Turai haya ne. A maƙabartun hukuma na Ingila wa'adin ba ya wuce shekara 100, sau da yawa bai kai haka ba, kuma wanda ba mazaunin yankin ba ne ana ninka masa kuɗi sau biyu ko uku. A Jamus galibi shekara 20 zuwa 30 ne, in ba a sabunta ba a ba wani wurin. Yawancin jihohinta sun yarda da likkafani yanzu, Bavariya ma ta sassauta a 2021. A Faransa akwati dole ne, kuma kabarin kyauta na hukuma ana iya karɓe shi bayan shekara 5.

Sai batun takardu, inda haƙurin Bahaushe ke ƙarewa. Tun 9 ga Satumba 2024, duk mutuwar da aka yi a Ingila wadda ba ta shiga hannun jami'in binciken mutuwa ba, sai wani likita daban wanda bai yi jinyar mamacin ba ya duba sababinta kafin a yi rajista. Galibi bayan rajista ake ba da koriyar takarda ta izinin binnewa, wadda babu maƙabartar da za ta karɓi gawa ba tare da ita ko ta jami'in binciken mutuwa ba. Ku faɗa tun a minti na farko cewa Musulmi ne kuma ana son gaggawa, domin wasu hukumomin suna da mai rajista na Asabar da Lahadi saboda Musulmi da Yahudawa. In mutuwar ta farat ɗaya ce, gawa ta koma hannun jami'in bincike, kuma yana da ikon sa a yanka ta ko iyali ba su so. Ku roƙi a fara da hoton na'urar sikan. A wasu yankuna ku za ku biya, kuma in hoton bai nuna sababi ba, yankan ba makawa.

Don rage kuɗi, masallaci za a fara kira kafin kamfanin jana'iza. Masallatai da yawa suna da ɗakin wanka, firjin gawa da mota, har da kafur da garin magarya. Suna kuma da asusun jana'iza na karo-karo duk shekara. Shiga tun watan farko, don wasu ba sa biya wa wanda bai daɗe da shiga ba. Kamfanonin Birtaniya tilas ne su nuna jerin farashinsu tun 2021, na Amurka kuma dokar tarayya ta 1984 ta hana su cajin allurar da ba a ba su izini ba. Ɗalibi ko ma'aikacin da bizarsa ta hana shi tallafin gwamnati kada ya sa rai da kuɗin jana'iza na hukuma, sai dai in yaro ne ƙasa da shekara 18, wanda asusun gwamnatin Ingila ke biyan kuɗin kabarinsa ko daga wace ƙasa iyayensa suka fito.

Mutanen gida za su ce a kawo shi. Sun ga yadda tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, ranar 15 aka sauke shi a filin jirgin Katsina aka binne shi a Daura. Wannan aikin gwamnati ne da jirginta. Talaka sai ya miƙa wa jami'in bincike fom mai lamba 104, wanda ke iya ɗaukar kwana 4 cur, ya nemi shaidar cewa gawar ba ta ɗauke da cuta mai yaɗuwa, da takardun ofishin jakadancin Najeriya. Kamfanonin jirgi galibi ba sa ɗauka sai an yi allurar hana ruɓewa, an rufe cikin akwati mai rufin kwano a ciki, a auna shi a matsayin kaya. Kuɗin fam dubbai ne, lokacin kuma ya kan haura mako, ga motar da za ta ɗauko daga Kano ko Abuja. Shi ya sa malamai da yawa ke ganin a binne mutum inda ya faɗi. In iyali sun dage sai an kawo, a yi wanka da sutura da salla a can kafin a like akwatin, sannan a sanar da masu haƙa a gida tsawonsa da faɗinsa, domin akwatin jirgi ba ya shiga ramin da aka saba haƙa wa mai likkafani.