Yadda ake ɗaukar hoton titi da kyamarar renjifainda

In kana kallon dokumentari na masu ɗaukar hoton titi, irin Everybody Street da Cheryl Dunn ta yi a 2013 kan 'yan Niyok, daina kallon hotunan tukuna, kalli hannunsu. Za ka ga mutum ya ɗaga 'yar ƙaramar kyamara ya danna ya sauke kafin wanda aka ɗauka ya ankara. Ba tsafi ba ne fa, tun kafin ya ɗaga ya riga ya gama saiti.

Da yawansu renjifainda suke riƙewa, musamman Leica ta Jamus, wadda samfurinta M3 ya fito a 1954. Ita renjifainda ba ta cikin lens kake leƙawa ba, tana da 'yar tagarta daban a gefe, a tsakiyar tagar akwai wani ɗan tabo mai haske inda abu yake fitowa biyu biyu, sai ka dinga murza zoben lens ɗin har biyun su hau kan juna su zama ɗaya, shikenan fokos ya zauna. Fara koyo da abu mai miƙaƙƙen layi, falwaya ko bakin ƙofa. Ba madubi a cikinta da zai yi ƙara ko ya rufe maka gani lokacin dannawa, kuma kana ganin abin da ke wajen layin firam, wato mai keke yana tahowa kana kallonsa tun bai shigo hoton ba.

To amma a titi wa zai tsaya jiranka kana murze-murze? Ga abin da ake yi. In lens ɗinka 35mm ne sa shi a f/8, wato lambar girman ramin da haske ke shiga ta cikinsa, ka ajiye nisa a mita 3, duk abin da ke tsakanin kusan mita 2 zuwa 7 zai fito tas. Fim mai ISO 400, wato lambar saurin kama haskensa, gudun shota, labulen da ke buɗewa haske ya shiga, 1/500 na daƙiƙa, in rana ta take sosai ka matse zuwa f/16. Sai ka samu wuri mai haske mai kyau ka tsaya kawai, mutane su ne za su shigo maka. Henri Cartier-Bresson na Faransa 50mm ya fi amfani da shi, har baƙin tef yake liƙa wa kyamararsa don kada ƙyallinta ya ja ido. Garry Winogrand na Amurka shi 28mm ne, yana shiga cikin mutane sosai, da ya rasu a 1984 ya bar fim kusan 2,500 ba a wanke ba. Kai kam kada ka kwaikwayi wannan, hoto 36 ne a fim ɗaya kuma kuɗi ne.

Leica akwai tsada wallahi, ni ban ga dalilin ɗan koyo ya fara da ita ba. Nemi tsohuwar Canonet QL17 ko Yashica Electro 35 ko Zorki ta zamanin Tarayyar Sobiyet. Kafin ka biya leƙa tagar, in tabon nan ya dusashe bar musu kayansu.

Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne murfin lens, tunda ba ta cikinsa kake gani ba sai ka cinye fim guda murfi na rufe baka sani ba. Sannan in abu ya matso kusa sosai, abin da taga ta nuna da abin da lens ya kama suna ɗan saɓawa, bar sarari a gefe. Kada kuma ka bar lens a buɗe yana kallon rana, in shotar kyamarar ta ƙyalle ce tana iya ƙonewa ta huje.

Su Bruce Gilden na Amurka suna haska wa mutane filasha a fuska ba sallama, a kasuwarmu kada ka soma. Gaida mutane, nemi izini musamman wajen mata, wanda ya ce a'a ka sauke kyamara ka wuce.